Tafintan Barde

Kakata Tabawa ce ta ba ni labarin,
tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, bayan Ƙofar Wunti.
Ta ce kakanta Tunau bai taɓa zare takobi ba.
Harshe biyu gare shi:
na gari, da na uwarsa,
wadda aka sauko da ita daga duwatsun Dass da igiya a wuya
shekarar da aka ƙone rumbunan acca.

Damina uku ana hari.
Mahaya su tafi da asuba, su komo da awaki da yara.
Dutse ya rama da dare:
kibiya mai dafi,
amya cike da zuma a mirgino ta kan dawaki.
Doki ba ya hawan tsauni,
na tsauni ba ya yarda da fili,
gonakin tsakani suka zama rabon birai.

Da Barde Gwadabe ya gaji da binne dawaki
aka sa rana a gindin wata ɗorawa.
Kantun gishiri biyu, farin rago,
Tunau a tsakiya, ƙafa ba takalmi.

Barde ya ce, "Gaya wa tsohon birin nan,
in bai sauko ba, kansa zai kwana a tsinin mashi."
Tunau ya juya da harshen uwa:
"Baba, ya ce ya ga furfurarka, ya sunkuyar da kai.
Yana tambaya, ya ruwa a bisa?"

Tsoho ya tofar da yawu.
"Gaya wa ɓarawon akuya,
kurayenmu sun san ɗanɗanon mutanensa, kuma ba su ƙoshi ba."
"Ranka ya daɗe, ya ce dutse ya gaji.
Ya ce gishirinka fari ne."

Barde ya haɗe gira:
"Ya yi magana kamu goma, ka kawo min taƙi ɗaya."
"Yarensu ke nan, ranka ya daɗe,
kamar hanyarsu, sai an kewaya."

A nan Kaka takan ajiye gyaɗar.
Ta ce bayan tsohon akwai wani saurayi mai riƙe da kwari,
tabon mari a idon sawunsa.
Ya taɓa zaman bauta a birni, ya gudu.
Ya ji Barde sarai, ya ji Tunau sarai.
Suka haɗa ido.
Gumi ya bi bayan Tunau har ƙugu.
Saurayin ya dubi ragon, ya dubi ƙasa,
ya haɗiye abin da ke bakinsa.

Kafin la'asar aka ƙulla amana:
kwando arba'in na acca duk kaka,
a mayar da yara goma sha ɗaya,
hanyar kasuwa ta buɗe ga mai kaya, ta rufe ga mai sulke.
Wannan ya dafa Alƙur'ani,
wancan ya lashi ƙarfe,
kowa ya tafi gida yana cewa shi ya ci.

Shekara goma sha tara ba a sa wa kibiya dafi ba.
Maroƙa suka ce Barde ya tanƙwara dutse.
Tunau ya sami tsohuwar riga mai ƙuna a aljihu,
ya mutu yana istigfari kan ƙaryar yini guda.
Sunan saurayin kuwa, ba wanda ya tambaya.

Ban san ko haka aka yi ba.
Kaka takan ƙara yaran, wani lokaci su kai ashirin.

Makon jiya na shiga motar Dass.
Wata tsohuwa ta auna min acca,
ta ce wani abu da yarensu, mata suka fashe da dariya.
Na waiwaya neman mai fassara.
Yaron mota ya ce, "Gaishe ka take yi."
Na ce na gode.
Na biya, ban nemi ragi ba.